Pierre Boulle da kejin birai

Na gama karanta La Planète des singes (wato Duniyar Birai), littafin da marubucin Faransa Pierre Boulle ya fitar a 1963, jikina duk ya yi sanyi. Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne da aka jefa jarumin labarin, ɗan jarida Ulysse Mérou, cikin keji tsirara, birai masana kimiyya na gwada hankalinsa da ƙararrawa da ayaba. Wallahi ya fi fim ɗin Planet of the Apes da aka yi daga littafin a 1968 zafi.

Boulle injiniya ne, ya yi aiki a gonar roba a Malaya (cikin Malesiya ta yau), ya kuma sha ɗauri a Indochina (yankin Vietnam, Laos da Kambodiya na yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya san keji ciki da waje.

Af, gunkin nan na Liberty na birnin New York da fim ɗin ya ƙare da shi, babu shi a littafin.