Masauki a Shafshawan: abin da hoto bai nuna min ba

Tun da muka dawo daga Maroko mutane ke ta turo min saƙo suna tambaya a ina muka sauka a Shafshawan, garin nan mai shuɗin fenti, wai su ma suna so in sun je ziyara Fas su leƙa. To gaskiya amsar ba sunan otal ba ce, domin a kwana 4 da muka yi wuri biyu muka sauka, kuma dalilin da ya sa muka tashi daga na farkon shi ne abin da nake so in ba ku labari.

Mu uku muka yi tafiyar, ni da Hajiyarmu da ƙanwata. Asalin abin da ya kai mu ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ne a Fas, wannan shi ne burin Hajiya na shekara da shekaru, Shafshawan ɗin ni na ƙara shi a tsarin don na ga bai kamata a zo har nan a koma ba a ga duwatsun Rif inda garin yake ba. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, bas ake hawa, mu na kamfanin CTM muka shiga daga Fas kuma ya ci wajen awa 4, hanyar ƙarshe-ƙarshen duk kwana-kwana ce a jikin dutse, wanda mota ke sa wa jiri ya sha magani tun kafin a tashi.

Ɗakin tun ina gida na kama shi a intanet. Hoton saman bene na gani, an jera kujeru da tukwanen fure, gari gaba ɗaya a ƙasanka shuɗi shar, ga dutse a baya, kuma an rubuta minti 5 ne zuwa babban dandalin gari. Na duba taswira na ga lallai kusa ne, ban ƙara tunanin komai ba na biya. Abin da ban sani ba shi ne taswirar waya shimfiɗe take nuna maka ƙasa, ba ta gaya maka cewa tazarar nan da ka ga ƴar kaɗan hawa ce tsaye. Shafshawan a jikin gangaren dutse aka gina ta, a wajen mita 600 sama da teku, kuma tsohon garin da suke kira madina tun 1471 aka kafa shi, lokacin da Maulaya Ali bin Rashid ya gina ganuwarsa don tare ƴan Fotigal da suka kama garuruwan bakin teku. Wanda ya gina gari don tsaro ba ya tunanin akwati mai taya. Lungunan ƙanana ne, wasu mutum biyu ba sa jerawa, mota ba ta shiga sam, kuma kusan duk inda ka juya matakala ce.

Tashar bas ɗin ma can ƙasan sabon gari take, tun daga nan hawan ya fara. Muka ɗauki ƴar ƙaramar tasi shuɗiya, na ce wa direban madina kawai, shi kuma ya sauke mu a Bab al-Ain wadda ita ce ƙofar da aka fi sani, ta ƙasa. Daga baya na gane da na nuna masa adireshin sosai da ya zagaya da mu ta ƙofar sama mu gangaro, amma a lokacin ban san garin na da ƙofofi da yawa ba kuma kowane gida akwai ƙofar da ta fi kusa da shi. Wani ɗan dako ya ɗora akwatunanmu a kura, in an zo matakala sai ya sauke ya ɗauka a kafaɗa, mu kuma muna bin sa a baya, magariba ta kawo jiki, watan Nuwamba ne iska mai sanyi tana kaɗawa.

Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ko a gida a kan kujera take sallah. Ba ta ce komai ba, ta dai riƙe hannun ƙanwata tana hawa tana tsayawa tana dafa bango, ni kuma ina ta cewa an kusa an kusa alhali ni kaina ban san ko an kusa ɗin ba. Mun fi minti 25 a hanyar da aka ce minti 5. Da muka isa sai ga wata sabuwa, ɗakinmu a hawa na uku yake, kuma benen irin na tsofaffin gidajensu ne, siriri mai murɗewa, kowane taki dogo. Ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai ta kalle shi sannan ta kalle ni ta ce, "Babana, a can sama za mu kwana?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri, na yau ne kawai in sha Allahu. Wallahi har yanzu in na tuna yadda ta hau benen nan tana salati a hankali sai zuciyata ta yi nauyi.

Ba zan ce mai gidan ya cuce mu ba, mutumin kirki ne, ya kawo mana shayin na'ana'a da barguna ƙari, kuma saman benen nasa ya kai yadda aka nuna a hoto har ya fi. Matashi mai ƙafa minti 5 ɗin zai yi, musamman in gangarowa yake. Ni ne ban yi tambaya ba. Washegari Hajiya ko ƙofar ɗaki ba ta fita ba, ta ce in ta sauka ba ta san yadda za ta sake hawowa ba, mu je mu ga garin mu ba ta labari. Haba, mutumin da aka yi tafiyar dominsa shi zai zauna a ɗaki? Da hantsi na sauka ƙasa na shiga neman wani wurin da ƙafata, na haƙura da kuɗin kwana ɗaya da na riga na biya.

A wannan yawon ne na fahimci garin. Tsakiyarsa dandalin Uta al-Hammam ne, a nan tsohuwar ganuwar take wadda suke ce wa kasba, mai jan bango, yanzu gidan tarihi ne da ɗan lambu a ciki, kusa da ita babban masallaci mai hasumiya mai kusurwa 8. Dandalin shimfiɗaɗɗe ne, kuma ta bayan kasba akwai wani fili da ake kira Makhzan inda tasi ke iya isowa ta tsaya. To duk gidan da ke kewayen nan shi ne na mai tafiya da tsoho ko mai ciki ko ƙananan yara. Daga nan in ka ƙara yin sama gidajen na ƙara kyau, shuɗin na ƙara kauri, hayaniya na raguwa, amma kowane kyau da ka ƙara samu da gwiwa za ka biya shi, sau biyu ko uku a rana, duk fita cin abinci duk dawowa.

Na shiga gida huɗu kafin na samu ɗakin ƙasa da ya yi min. Irin gidajen nan suna ce musu dar ko riyad, gini ne zagaye da tsakar gida, ɗakuna duk suna kallon ciki, saboda haka ɗakin ƙasa galibi ba shi da taga ta waje, duhu ne kuma yana riƙe danshi, domin yankin na samun ruwan sama sosai lokacin sanyi kuma bangon kauri gare shi. Na farko da na shiga warin danshi ya kore ni. A wanda muka kama sai da na sa aka kunna hita a gabana na ga tana aiki, na buɗe famfo na jira ruwan zafi ya zo, na duba banɗakin ko Hajiya za ta iya alwala ba tare da ta tsuguna ba. Mutum ya yi wannan ba kunya, su ma sun saba. Abin da muka rasa shi ne shiru, don gidajen abincin dandalin ba sa tashi da wuri, ana jin surutu da ƙarar faranti har wajen 11 na dare, kuma safiya da sassafe masu kawo kaya na wucewa. Hajiya ta ce ita wannan bai dame ta ba, ai gidanmu ma a bakin titi yake.

Akwai kuma sabon gari, wajen titin Hassan na Biyu, nan ne manyan otal-otal irin waɗanda muka saba, mota har ƙofa, wasu da lifta, kuma na ga kamar kuɗinsu ya fi sauƙi. Wanda ya zo da motar haya ko kwana ɗaya kawai zai yi, nan ya dace da shi. Amma ni dai ban so ba, kuma dalilina asuba ce. Da rana garin cika yake da masu zuwa yini ɗaya daga Tanja da Fas, daga wajen ƙarfe 10 zuwa la'asar sai ka ga layi a lungu ɗaya ana jiran a ɗauki hoto, ga masu kiranka ka shiga shago, ga samarin da ke bin baƙo a hankali suna tallan wiwi, in ka girgiza kai dai suna ƙyale ka. Amma bayan sallar asuba babu kowa sai kyanwoyi da masu kai ƙullun burodi gidan gashi da tsofaffi cikin jallabiyar ulu mai hula, fentin ma wani launi yake yi a wannan hasken. Wanda ya kwana a waje ba zai samu wannan ba sai ya sake hawo tudu a cikin sanyi, kuma na san yawancinmu ba za mu taso ba.

Gidajen da ke can wajen gari a jikin dutse ban ma duba su ba, na masu zuwa yawon daji ne, irin masu tafiya Akshur ganin ruwan da ke zubowa daga dutse. Ni da ƙanwata mun hau masallacin Sifaniyawa da ke kan tudu, wanda aka gina a shekarun 1920 bayan Sifen ta mamaye garin, tafiyar kamar minti 25 ce daga bakin ruwan Ras al-Ma da ke gefen gari, kuma daga can ne ake ganin garin gaba ɗaya lokacin faɗuwar rana. Kun ga kenan kallon da na biya kuɗi na wahalar da Hajiya dominsa, ashe kyauta ake samunsa, ka hau sau ɗaya ka gani ka sauko.

Wani abokina da zai tafi da iyalinsa bana na ce masa kafin ya biya ko sisi ya rubuta wa mai gidan ta WhatsApp ya ce a ɗauko masa bidiyo tun daga inda tasi ke tsayawa har cikin ɗakin, ba yankewa. Ya tambayi wace ƙofa zai ce wa direba, ɗakin a hawa na nawa yake, akwai hita ko bargo kawai ake bayarwa. In Larabcin ya gagara a rubuta da Faransanci ko Turanci, yawancinsu suna ji, har Sifaniyanci ma da yawansu suna yi. Kuma ya rage kaya, akwati babba a bar shi a Fas in za a koma ta can.

Bayan mun koma ƙasa Hajiya ta zama wata daban. Da safe ta zauna a dandali ta sha bisara, miyar wake ce mai kauri da man zaitun a kai, ta ce ta yi mata kama da abincin gida, ta saya wa jikokinta hular kaba mai tuntaye irin ta matan ƙauyukan dutse. Rana ta uku a hankali a hankali muka taka da ita har Ras al-Ma, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga dutse a gefen gari, akwai ɗan hawa amma ba tsaye ba, muna tafe muna hutawa, ta zauna ta daɗe tana kallon mata na wanke barguna da darduma a ruwan nan mai sanyin ƙanƙara.

Babban masallacin kuwa taku kaɗan ne daga ƙofarmu. Bayan magariba suna zama su karanta hizifi ɗaya a tare da murya ɗaya, kuma da Warshu suke karatu, irin wanda aka biya wa Hajiya a makarantar allo tana yarinya. Daren farko da ta ji, muna zaune a tsakar gida, sai ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru, ta fara bin su tana motsa baki, ba ta tsaya ba har suka kai ƙarshe. Sauran kwanakin da muka yi, da an kira magariba take sa ƙanwata ta ɗauko mata mayafi da sandarta su tafi.