Talata, kwana 16 bayan GMAT

Yau aka cika kwana 16 da na zauna jarrabawar GMAT, ta neman shiga manyan makarantun kasuwanci, wato daga yau ƙa'ida ta ba ni damar sake ta. Tun bayan sallar asuba nake buɗe shafin rajista ina rufewa.

595 na samu. Makin yana tashi daga 205 zuwa 805, ni kuwa 645 nake hari, domin shi ne daidai da 700 na tsohon tsari, adadin da masu neman manyan makarantun kasuwanci na Faransa suke kwana suna mafarkinsa. Maki 50 ne tsakanina da shi. A baki kamar ba komai.

Da hantsi na je shagon Baba a babbar kasuwa, na tarar ana auna aya. Na ce masa kuɗin sakewa ya kusa dala 300. Ya yi dariya ya ce to me zai hana, ai ko kuɗin cefane bai kai ba. Sai da na ce, "Baba, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Ya haura jika 150." Nan dariyar ta tsaya. Ya dubi buhunan, na san lissafi yake yi. Can ya ce, "Wancan karon mene ne ya kayar da kai?" Na ce kuran ne ya ɗauke, zafi ya dame ni. Ya ce, "Zafi kaɗai?" Na yi shiru.

Gaskiya ne wuta ta ɗauke ina tsaka da jarrabawar a ɗakina, batiri ya riƙe kwamfuta amma fanka ta tsaya, ga zafin Afrilu na Maraɗi. Sai dai da na dawo na sake duba sakamakon, lissafi lafiya lau yake, tambaya 21 cikin minti 45 ba tare da na'urar lissafi ba, na gama har da saura. Inda na zube shi ne ɓangaren karatu da fahimta. Tambaya 23, dukansu da Ingilishi, ni kuwa tun firamare har jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da Faransanci na yi karatu. Kowane sakin layi sai na karanta sau biyu, ina juya shi a kaina zuwa Faransanci. Biyar na ƙarshe canka kawai na yi. Kuma jarrabawar muguwa ce, tana bin sawunka, in ka yi kuskure ta sauƙaƙa maka tambaya, makinka ya yi ƙasa.

Kwana 16 ba sa gyara wannan. Ban ƙara saurin karatu ko kaɗan ba tun ranar, haushi kawai na tara.

Da dare a fada, ana shayi na biyu, wani abokina ya ce in buga tun ƙarfe na da zafi, ai sau 5 ake yarda a shekara. Shi dai ba jikarsa za ta tafi ba. Yayata kuma ta ce in tura takarduna da 595 ɗin, tunda makin yana aiki shekara 5. Ita ma ban bi tata ba.

Na rufe shafin. Sai Nuwamba, in sanyi ya shigo, kuma a ɗakin ƙanen Baba mai sola zan zauna. Kafin nan kullum bayan la'asar shafi uku na jaridar Ingilishi, da agogo a gabana. Na gwada ɗazu, shafi ɗaya ya ci mini minti 11.