Na saki manhajata fisabilillahi, ashe sai da takarda

Bara na rubuta wata 'yar manhaja don kawuna da ke sayen shanshera a Jega, tana yi mai lissafin buhuna da kuɗin dako da na mota. Da na ga tana aiki sai na ɗora ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ban sa mata lasisi ba, wato takardar izinin amfani, a raina ai sadaka ce, kowa ya ɗiba. Kwatsam wani yaro da ke aiki a wani kamfani a Abuja ya turo min saƙo, wai Yaya don Allah sa mata lasisi, lauyanmu ya ce kar mu taɓa ta. Na ce to ni na hana ku?

Ashe shirun da na yi shi ne hanin. In ba ka ce komai ba haƙƙin mallaka na nan wuyanka, kuma a dokar Najeriya manhaja cikin rubuce-rubuce take, haƙƙin sai ya yi shekara 70 bayan ka mutu. Kamar ka haƙa rijiya bakin hanya ba shaida ba takarda, ranar da ka kwanta dama magada su zo su sa mata murfi da kwaɗo.

Da farko na so in sallama ta gaba ɗaya ta zama ta kowa, kamar yadda Richard Hipp ya yi da manhajarsa ta adana bayanai, SQLite, wadda yanzu haka tana cikin wayar da ke hannunka. Akwai takardun sallamawa, CC0 ta 2009 da Unlicense ta 2010, don wanga aiki, amma fa ba kowace ƙasa ta yarda mutum ya yafe haƙƙinsa kwata-kwata ba, Jamus na cikinsu, shi ya sa har kamfanin Hipp ɗin ke sayar da takardar tabbaci ga kamfanonin da hankalinsu bai kwanta ba, ka ji ikon Allah, kayan kyauta ana sayen takardarsa. Fedora ma, masu haɗa wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a 2022 suka daina karɓar sabuwar manhaja mai CC0 don ba ta yafe haƙƙin ƙirƙira ba, wato patent, wanda daban yake da haƙƙin mallaka.

Lasisin Apache 2.0 ya rufe wannan ƙofar ta haƙƙin ƙirƙira amma tsawonsa ya gundure ni. Lasisin MIT na ɗauka. 'Yan layuka ne: ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka so, ka dai bar sunana da rubutun lasisin a ciki, in ta ɓata maka lissafi kuma ba ruwana. Gaskiya barin sunan nan ya min daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da na ba kawu labari cewa ya yi, to su na Abujan nawa za su biya?