Jana'izar yau

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da hantsi muka binne tsohon nan da ke kwana a rumfar masu hatsi a kasuwar ƙauyenmu. Da liman ya ce ina danginsa, shiru, kowa ya kalli na kusa da shi. Ko cikakken sunansa babu wanda ya iya faɗa, Baba kawai muke ce masa. Abin da aka sani, ambaliyar 2022 ce ta cinye gidansa a wajen Auyo, tun daga nan buhu ne shimfiɗarsa. Amma da aka ce a haɗa kuɗin likkafani, wallahi kafin a gama yi masa wanka an tara har da ragowa. Ashe akwai kuɗin! Duk hunturun nan yana tari, bargo ɗaya bai samu ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Akwai sauran masu kwana a rumfunan nan, ga ɗakunan soro a rufe ba kowa. Ina ganin maganar nan sai mun kai ta gaban dagaci kafin Juma'a.