Godiya bayan an ɗaura min baƙin bel

Alhamdu lillahi. Jiya da yamma aka ɗaura min baƙin bel na taikwando, ɗamarar da ke nuna mutum ya ƙware a wasan, wata 14 bayan ranar da jijiyar gwiwata ta hagu ta tsinke ana tsakiyar atisaye. Har yanzu jikina tsami yake kamar an yi min dukan kawo wuƙa, barci ma bai ɗauke ni ba sai bayan asuba, amma ba zan bari rana ta faɗi ban yi wannan godiya ba.

Kun san yadda aka yi, tun daga tiyata a asibitin ƙashi na Dala har zuwa watannin sanda, ba sai na maimaita ba. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne a wata na biyar na naɗe farin kayana na tura su ƙasan akwati, da niyyar na bar wasan ke nan. Na ƙara kilo 11, tumbi ya fito, hawa bene ma sai da haki. Babu abin da nake so a lokacin sai in fita gudu in rage ƙiba. Likitar gashi ta ce a'a, sai cinyar ta yi ƙarfi tukuna, don ita ce ke riƙe gwiwa. Kullum sai ta ɗora ma'auninta ta duba iyakar inda ƙafar ke lanƙwasawa. Ranar da muka wuce digiri 120 ta fi ni murna. Allah ya saka mata da gidan Aljanna.

Kocinmu ya hana ni ambatonsa, amma Malam, ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. Kai ne ka zo har gida cikin sanyin hunturu, ka ce ba ka nemi in yi shuri ko ɗaya ba, in zo kawai in zauna a benci in riƙa ƙirga wa yara. Wata biyu ina zaune ina kiran hana, dul, set, net, wato ɗaya zuwa huɗu da yaren Koriya, su suna tsalle. Wannan bencin ne ya riƙe ni. Kai ne kuma ka raba min mako: kwana biyu na ƙarfafa cinya da tuƙa keke, kwana biyu na maimaita salon Taegeuk (jerin motsin da ake haddacewa) a hankali, sikeli kuma ka ce kada in hau sai ƙarshen wata. Da na karaya sai ka kunna min wasan Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017.

Jiya da aka zo fasa katako, shurin baya ne, kuma a kan ƙafar da aka yi wa aiki zan juya. Na tsaya, gumi na zuba, kunnena na jiyo min ƙarar nan da gwiwar ta yi ranar da ta tsinke. Wallahi ƙafar ƙin ɗaguwa ta yi. Sai Malam ya matso kamar zai gyara min ɗamara, ya ce a hankali, "Ƙanina, ƙafarka ce, ba ta aro ba ce." Ban san lokacin da na juya ba, sai ƙarar katako na ji.

Inna, ke da kika riƙa dafa min farfesun ƙafar sa kina tofa addu'a, Allah ya ja kwana, ya ba ni ikon kyautata miki. Uwargida, wadda ta sha ɗaga ni zuwa alwala cikin dare, Allah ya raya mana zuri'a. Mai adaidaita sahun layinmu da ya yi ta kai ni gashi yana karɓar rabin kuɗi, Allah ya buɗa masa ta inda bai zata ba. Abokan atisaye da suka yi karo-karon kuɗin magani, Allah ya tsare muku gaɓoɓinku, ya kare ku daga irin abin da na gani.

Akwai 'yan uwa na jini da ban ga ƙeyarsu ba duk tsawon jinyar, waɗanda suka ce babba da ni me ya kai ni faɗan 'yan Chana. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na ga saƙonninku na jiya, na gode, Allah ya bar zumunci.

Saura kilo 4 in koma yadda nake. Ranar Litinin da ƙarfe 6 na safe, in Allah ya kai mu, ina filin Ƙofar Mata.