Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daɓen da ya yi ganga

Makon jiya na tsaya a inda Baba, tsohon birkilan da ya ɗauke ni aiki, ya raba ni da kwanon sarki ya miƙo mini cokalin gini. A Abuja ke nan, wani katafaren ginin shaguna mai hawa huɗu a wajen Wuse. Kullum daga Mararaba nake tasowa bayan sallar asuba, don in ka makara cunkoson Nyanya sai ya cinye maka rabin yini.

An gama zuba kankare, saura daɓe. Ni a ƙauyenmu na san daɓe aikin mata ne: a zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa. A nan kuwa shimfiɗar siminti da yashi ce, kaurin santimita 5, ana yin ta kan kankare kafin masu tayil su zo. Ba mai ganinta bayan an gama gini, amma in ta karkace, tayil ma sai ya bi ta.

Da tiyo muke farawa, farar roba mai ruwa a ciki. Mutum biyu, kowa ya riƙe baki ɗaya, a bi ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya ana sa alama a tsayin mita 1. Injiniya yana da na'urarsa mai jan haske, amma Baba bai taɓa sakin jiki da ita ba. Ruwa, in ji shi, bai san oga ba. Daga alamar ake aunowa ƙasa, a kafa 'yan tudun siminti nan da can, a haɗa su da dogon ranji, wato miƙaƙƙen sandan da ake baje kwaɓi da shi. Kwaɓin kuwa awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi mai kaifi, ruwa kaɗan. Ka damƙa a hannu. In ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi.

Ranar da ba zan manta ba, hunturu ne. Baba ya tafi kasuwar Dei-Dei da direba, ya bar mini ɓangare guda a hawa na biyu, ni da lebura shida. Kafin ya fita sai da ya ce, "Yaro, ka share, ka jiƙa, ka shafa ruwan siminti, sannan ka zuba."

Na ce, "To, Baba."

Tankar ruwa ba ta zo da wuri ba. Ɗan kwangila na ta kai-komo yana cewa masu shaguna sun riga sun biya haya. Ni kuma ga ƙuruciya, ga son a ce na iya. Muka ɗan kaɗa tsintsiya sama-sama, muka zuba kan busasshen kankare mai ƙura. Wallahi da na ja ranji na goge da katako, wurin ya yi sumul kamar faranti. Leda ma ban rufa ba, alhali ƙa'ida a rufe a riƙa ba shi ruwa kwana 7. Iskar hunturu ta kwana tana shiga ta tagogin da ba a sa wa gilashi ba.

Kwana goma ba wanda ya ce komai. Har na fara tafiya da ƙafaɗa.

Sai ga injiniya da ɗan guntun rodi a hannu. Yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙasa. Inda Baba ya yi, sautin a dunƙule. Da ya shigo nawa sai ka ji kwam, kwam, kamar ganga. Kankaren ya shanye ruwan kwaɓin ta ƙasa, iska ta shanye ta sama, daɓen ya ɗago bai kama komai ba, gefe-gefe duk ya tsattsage. Ya zana da'ira da jan alli, ya ƙara wata, har na daina ƙirgawa.

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma na san ko nawa muka ɗora a ka zuwa hawa na biyu. Ɗan kwangila ya tambaya wa ya yi wannan. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Aikina ne, Oga."

Da aka watse ya ɗauko guduma da kurfi ya ajiye a gabana, bai dube ni ba. Ya ce gobe in zo kafin kowa, kuma kada in sa ran kuɗin yini sai an kwashe ɓaraguzan nan kaf. Abin da aka yanke daga kuɗinsa shi, sai ranar Asabar na ji a bakin mai shayi.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.