Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Igiyar Kawu

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya karɓe ni daga hannun Inna ya sa ni aikin sauke itatuwa. Kafin in ci gaba, masu yaɗa cewa wai Yaya ne ya koya mini hawa su ji da kyau: Yaya bai taɓa wuce reshen farko ba. Riƙon igiya a ƙasa, iyakarsa ke nan.

Itacen turaren Jos, wanda aka daddasa a filayen da haƙar kuza ta lalata wajen Rayfield da Bukuru, tsayi gare shi, ga ɓawo mai sulɓi da ke saɓulewa a ƙarƙashin kaimi, wato ƙarfe mai tsini da mai hawa ke ɗaurawa a ƙafa, balle da damina. In an gama sauke rassa, saura gangar jikin tsaye, ba ka da abin dogaro sai kaimin ƙafa da ɗamara. Nan Kawu ke cewa, "Mai igiya ɗaya da likkafaninsa ya hau." Ta farko, igiyar ƙugu mai waya a ciki, tana zagaye da itacen. Ta biyu ka shaƙe ta a jikinsa, ƙasa kaɗan, don in sarƙar injin yankan itace ta ci ɗaya, ɗayar ta riƙe ka. Sai ka duba sarai duk suna ƙasa da inda za ka yanka, kafin ka ja injin, wato Stihl ɗin.

Ka buɗe wa itacen baki da inji a gefen da kake so gungumen ya faɗa, ka biyo da yanka ta baya, ka bar ɗan tsakani ya riƙe shi. Hannu biyu a kan inji. In kan ya tafi, itacen kan yi girgiza da kai, Allah ya sa ka riga ka kafa kaimi.

Kawu ba ya hawa sai ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari, ya kasa kunne ko ciki ya ruɓe. Shekarun da na yi a Abuja na ga yara suna hawa da silifas da igiyar guga. Na gaya musu maganar likkafanin, suka yi dariya.

Ranar sadakar ukun Kawu, Allah ya jiƙansa, na tambayi ɗamararsa da hular kwanonsa. Ashe Yaya ya riga ya kai su kasuwa. Inna ta ce, "Ɗan nan, bar wa Allah." Na bar wa Allah, amma kuɗin da ya karɓa na san su, kuma a mako mai zuwa zan faɗi wanda ya saya.